V. K. Murthy, Mai Ɗaukar Hoton Guru Dutt: Tambayoyi da Amsoshi

Mu masu kallon finafinan Indiya mun san jarumai kamar 'yan gidanmu, mun san mawaƙa, wasunmu har daraktoci sun haddace. Amma da wuya ka ji an ambaci wanda ya tsaya bayan kyamara, alhali duk abin da ido ya gani a allo ta hannunsa ya biyo. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kan ɗaya daga cikin manyan masu wannan sana'a.

Wane ne V. K. Murthy?

Cikakken sunansa Venkatarama Pandit Krishnamurthy. An haife shi ranar 26 ga Nuwamba, 1923, a birnin Mysore da ke kudancin Indiya, ya rasu a Bangalore ranar 7 ga Afrilu, 2014, yana da shekara 90. Shi ya ɗauki hoton kusan duk finafinan da Guru Dutt, shahararren darakta kuma jarumi, ya ba da umarni, daga Jaal na 1952 zuwa Kaagaz Ke Phool na 1959, sannan ya ɗauki Sahib Bibi Aur Ghulam na 1962. Ya ci gaba da aiki shekaru da dama bayan haka, amma waɗannan shekaru goma su ne suka ɗaga sunansa.

Mene ne ainihin aikin mai ɗaukar hoto? Ba darakta ne ke yin komai ba?

Darakta shi ke da labari da 'yan wasa, shi ke cewa ga abin da yake son mai kallo ya ji a zuciyarsa. Mai ɗaukar hoto shi ke mayar da wannan buƙata abin da ido zai gani. Shi ke yanke inda fitila za ta tsaya, da ƙarfinta, da gefen fuskar da za ta haska da wanda za ta bari a duhu. Shi ke zaɓen gilashin da za a ɗaura wa kyamara, da tsayin da za a kafa ta, da lokacin da za ta motsa.

A zamanin Murthy aikin ya fi na yau haɗari nesa ba kusa ba. Babu ƙaramin allon da ake leƙawa a ga yadda hoto ya fito. Ana ɗauka ne a kan zaren fim mai tsada, a kai ɗakin wanki, sai an wanke an buga sannan a san ko an dace. Idan haske ya yi yawa fuska ta ƙone fari fat, idan ya gaza komai ya nutse, kuma kafin a gane an riga an sallami 'yan wasa. Saboda haka yawancin masu ɗaukar hoto na lokacin sukan zuba haske ko'ina daidai wa daida don gudun asara. Wanda ya bar rabin allo a duhu da gangan, ya ɗauki kasada da kuɗin furodusa da kuma sunansa. Murthy ya riƙa ɗaukar wannan kasada fim bayan fim.

Ta yaya ya shiga harkar?

Ya yi karatun ɗaukar hoton fim a kwalejin fasaha ta Sri Jayachamarajendra da ke Bangalore, yana cikin rukunin farko na ɗaliban wannan fanni, ya gama a 1946. Tun yana matashi ya shiga gwagwarmayar neman 'yancin Indiya, har Turawan mulkin mallaka suka ɗaure shi a 1943. Ya kuma iya kaɗa gogen Turawa. Da ya gama karatu sai ya nufi Bombay, inda ya yi shekaru yana yaron kyamara, cikin waɗanda ya yi wa hidima har da Fali Mistry, gwanin baƙi da fari wanda Murthy ke girmamawa ƙwarai.

Yaya aka yi suka haɗu da Guru Dutt?

A wajen ɗaukar Baazi ne, fim na farko da Guru Dutt ya ba da umarni, wanda ya fito a 1951, Dev Anand na jarumi. Babban mai ɗaukar hoto shi ne V. Ratra, Murthy mataimaki ne kawai. Ana cikin shirya wata waƙa sai ya kawo shawarar wata ɗauka mai wuya, wadda za a fara daga hoton da ke cikin madubi sannan kyamara ta yi tafiya ba tare da an yanke ba. Aka ba shi dama ya gwada da hannunsa, ta yi kyau. Guru Dutt ya yi masa alkawarin fim na gaba, ya kuma cika: Jaal ya fito a 1952 da sunan Murthy a matsayin mai ɗaukar hoto. Daga nan sai Baaz a 1953, Aar Paar a 1954, Mr. & Mrs. '55 a 1955, da C.I.D. a 1956 wanda Guru Dutt ya ɗauki nauyi, Raj Khosla ya ba da umarni.

Kusan sa'o'in juna ne, Murthy ya girmi Guru Dutt da ƙasa da shekara 2. Ina ganin wannan ya taimaka. Ba dangantakar ubangida da bara ba ce, matasa ne biyu masu neman abin da ba a saba gani ba, kowane na iya ce wa ɗan'uwansa a'a.

Me ya bambanta hotonsa da na sauran?

Inuwa. A wajen mutane da yawa duhu a fim yana nufin fitila ta gaza. A wajen Murthy duhu kayan aiki ne, daidai yake da haske a daraja. Yana haska abu ɗaya da yake son ka kalla, ya ɓoye saura, kuma abin da ya ɓoye ɗin yana faɗa maka wani abu game da halin da mutumin ke ciki. Yakan ajiye fitila a bayan ɗan wasa ta zana gefen gashi da kafaɗa, ta raba shi da bango. Yakan bar inuwar taga ko ta ƙarfen baranda ta faɗo a fuska, mutum ya zama kamar wanda ke tsare. Idan aka zo ɗaukar kusa, sai ya matso da fuska har ta cika allo, ya kula da ɗan ƙyallin da ke cikin ƙwayar ido, domin da shi ake gane rai a fuska.

Abu na biyu shi ne tafiyar kyamara a cikin waƙa. Waƙoƙin fim ɗin Indiya ana naɗarsu ne tun kafin ɗauka, a saka su da lasifika a wajen aiki, ɗan wasa ya bi da baki. Kyamarar Murthy na tafiya ne tare da kiɗan: ta matso a hankali inda murya ta hau, ta tsaya inda mawaƙiya ta ja numfashi. Mutumin da ya san kiɗa da hannunsa ne kaɗai zai iya auna wannan, kuma a nan nake ganin gogensa ya yi masa rana.

Wane wuri ne a Pyaasa aka fi ambata?

Kusa da ƙarshe. Fim ɗin ya fito a 1957, labarin Vijay ne, marubucin waƙoƙi da 'yan'uwansa da masu buga littattafai suka wulaƙanta. Da aka ɗauka ya mutu sai waƙoƙinsa suka yi kasuwa, waɗanda suka guje shi suka shirya babban taro na tunawa da shi. Ana cikin taron sai ga shi a bakin ƙofar zauren, a raye.

Murthy bai haska fuskarsa ba da farko. Ya zuba haske mai ƙarfi daga bayansa, sai ya zama baƙar siffa tsaye a ƙofa, hannuwa a buɗe sun dafe gefe biyu. Jama'a na zaune a ƙasa cikin duhu-duhu, shi yana sama, haske na kwarara ta kewayensa. Kafin ya buɗe baki mai kallo ya riga ya san cewa wannan mutum ya fita daga cikin mutanen nan, ba zai koma ba. Da an haska shi sarai kamar kowa, da sai a ga mutum ne kawai ya shigo taro a makare. Mujallar Time ta Amurka ta saka Pyaasa cikin finafinai 100 mafiya daraja a jerin da ta fitar a 2005.

To labarin hasken nan na Kaagaz Ke Phool fa? Da gaske da madubi aka yi shi?

Da gaske ne, kuma ya cancanci a tsaya a kansa.

Fim ɗin labarin wani darakta ne, Suresh Sinha, wanda ya kai ƙololuwar suna sannan ya faɗi warwas. Guru Dutt ne ya fito a matsayinsa, Waheeda Rehman ta fito a matsayin Shanti, yarinyar da ya gano ya mayar tauraruwa. Suna son juna amma ba halin aure, domin yana da mata da 'ya. Mafi yawan labarin a cikin sutudiyon fim yake faruwa, wato wani makeken ɗaki mai dogon rufi, cike da tsani da igiyoyi da fitilun da aka kashe.

Wata rana Murthy da Guru Dutt suna wajen aiki sai suka ga rana ta ratso ta wata kafa can sama, ta sauko cikin duhun sutudiyon kamar sanda. Guru Dutt ya ce irin wannan yake so a fim. Matsalar ita ce fitilun lokacin ba sa ba da irin wannan haske: nasu yana bazuwa ne yana faɗi, yana kuma raunana kafin ya kai ƙasa. Hasken rana kuwa yana zuwa a miƙe, kaurinsa ɗaya daga sama har ƙasa. Sai Murthy ya ce to a shigo da ranar kanta. Aka samo manyan madubai 2. Aka kafa ɗaya a waje yana tarar rana yana cilla ta ciki, na biyun a sama cikin sutudiyo yana karɓa yana sauke ta inda ake so. Saura abu guda: haske ba ya ganuwa a iska sai ya sami abin da zai dafa. Duk wanda ya taɓa share ɗaki da hantsi ya ga yadda ƙura ke bayyana hasken da ya shigo ta taga, ya san wannan. Sai aka tayar da hayaƙi a wurin, sandar haske ta fito ƙarara.

Ka tuna kuma rana ba ta tsayawa. Tana tafiya, hasken na gocewa, dole a riƙa gyara madubi, kuma lokacin da za a iya ɗauka kaɗan ne a yini.

A cikin waƙar da Geeta Dutt ta rera, kiɗan S. D. Burman, baitocin Kaifi Azmi, Suresh da Shanti na tsaye nesa da juna a cikin duhu, hasken na tsakaninsu. Ba su taɓa juna ba. Sai aka ga siffofinsu sun fita daga jikinsu, sun taka sun haɗu a cikin hasken, su kuwa na ainihin suna nan inda suke. An yi wannan ne ta hanyar ɗora hoto a kan hoto. Abin da ya fi burge ni ba dabarar madubin ba ce, ko da yake ita aka fi ba da labari. Abin burgewar shi ne hasken yana da aikin yi a labarin: shi ne kaɗai wurin da waɗannan mutane biyu za su iya haɗuwa. Kwalliya ce da ta zama ma'ana, kuma wannan ne ya sa mutane ke komawa kallonta bayan fiye da shekara 60.

An ce shi ne fim na farko mai faɗin allo a Indiya. Me hakan ke nufi?

Haka ne, Kaagaz Ke Phool ne fim ɗin Indiya na farko da aka ɗauka da tsarin CinemaScope, na kamfanin 20th Century Fox, wanda aka fara amfani da shi a Amurka a 1953. Ana ɗaura wa kyamara wani gilashi na musamman da ke matse hoto mai faɗi ya shiga zaren fim na yau da kullum, a sinima kuma wani gilashin ya buɗe shi. Allon da aka saba da shi faɗinsa ya ɗara tsayinsa kaɗan ne, wannan kuwa faɗinsa ya ninka tsayinsa fiye da sau biyu.

A Amurka an fi amfani da shi wajen nuna yaƙi da taron jama'a da faɗin daji. Murthy da Guru Dutt suka yi akasin haka. Suka ɗauki wannan faɗi suka bar shi wayam, mutum ɗaya a can gefe, sauran allon duhu da kujeru marasa kowa. Labarin mutumin da duniya ta watse ta bar shi ne, sai faɗin allon ya zama ma'aunin kaɗaicinsa.

Fim ɗin ya yi kasuwa?

Bai yi ba, ya faɗi ƙasa sosai lokacin da ya fito. Guru Dutt bai sake saka sunansa a matsayin darakta a wani fim ba har ya rasu ranar 10 ga Oktoba, 1964, yana da shekara 39. Murthy dai ya sami kyautar Filmfare, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan fim na Indiya, ta gwarzon mai ɗaukar hoto a kansa, M. R. Achrekar kuma ya sami ta tsara wurin ɗauka. Sai daga baya masu nazari a ciki da wajen Indiya suka dawo suka ɗaga darajar fim ɗin.

Me ya yi a Sahib Bibi Aur Ghulam?

A ganina a nan hannunsa ya fi nuna, ko da yake ba shi aka fi yawan ambata ba. Abrar Alvi ne ya ba da umarni, an ciro labarin daga littafin Bimal Mitra, game da wani gidan masu ƙasa a Kalkata a ƙarshen ƙarni na 19, gida mai dukiya da ke ruɓewa daga ciki. Meena Kumari ta fito a matsayin matar ƙaramin ɗan gidan, wadda mijinta ke kwana a wajen mata masu rawa, har ta koyi shan giya don ta riƙe shi a gida.

Dubi yadda aka gabatar da ita. Baƙon da aka kira ɗakinta ɗan ƙauye ne mai kunya, kansa a sunkuye, don haka mu ma ƙafafunta muka fara gani, muka ji muryarta, sannan daga baya fuskar ta bayyana cikin haske mai laushi. Yayin da labarin ke tafiya tana lalacewa, hasken da ke kanta ma yana sauyawa, inuwa na ƙara cin fuskar.

Akwai kuma wata rawa a zauren maigidan, inda Minoo Mumtaz ke gaba cikin cikakken haske, 'yan amshinta kuwa duk an bar su baƙaƙen siffofi, ana ganin motsinsu ba a ganin fuskokinsu. Ba a saba yin haka ba, domin furodusa ya biya kuɗin 'yan rawa yana son a gan su. Amma sakamakon ya dace da gidan: wuri ne da mata da yawa ke hidima ba wanda ya san fuskarsu. Wannan fim ya kawo masa Filmfare ta biyu, aka kuma nuna shi a bikin finafinai na Balin a 1963.

Ashe ba Guru Dutt ne ya cancanci yabon ba?

Su biyun ne, kuma ba na ganin amfanin raba su. Guru Dutt na da idon da ke hango hoto, yana da haƙurin jira a gyara fitila komai daɗewa, ga shi shi ne mai kuɗin fim ɗin, ba wanda zai hana. Amma hango abu daban, sanin yadda za a kama shi a zaren fim daban. Wanda ya ce yana son rana a cikin ɗaki ya yi rabin aiki, wanda ya shigo da ita ya yi ɗaya rabin.

Me ya yi bayan rasuwar Guru Dutt?

Tun kafin rasuwar ya je Landan ya koyi aikin fim mai kala, inda ya zauna da ma'aikatan fim ɗin The Guns of Navarone na 1961. Daga baya ya daɗe yana aiki da darakta Pramod Chakravorty, suka yi Love in Tokyo a 1966, Naya Zamana a 1971 da Jugnu a 1973, biyun ƙarshen nan da Dharmendra da Hema Malini. Masu zuwa sinima a ƙasar Hausa a shekarun 1970 sun san waɗannan jarumai sarai, don haka mai yiwuwa da yawa sun ga aikin Murthy ba su san sunansa ba. Ya kuma yi aiki da Kamal Amrohi a wani ɓangare na Pakeezah da kuma Razia Sultan na 1983.

Gaskiya finafinan kasuwa masu kala da ya ɗauka aiki ne mai tsabta, amma ba su kai na baƙi da fari ba. Irin waɗannan finafinai suna son komai ya fito tar, tufafi da furanni da fuskar jaruma, babu wurin ajiye inuwa. Sai a ƙarshen shekarun 1980 ya sake samun labarin da ya dace da shi, kuma a talabijin ne. Govind Nihalani, wanda ya yi karatu a kwalejin da Murthy ya yi, ya kuma daɗe yana mataimakinsa, ya kira maigidansa ya ɗauki Tamas, labarin kashe-kashen rabuwar Indiya da Pakistan a 1947. Ya kuma ɗauki Bharat Ek Khoj na Shyam Benegal, shiri mai kashi 53 a kan tarihin Indiya, wanda aka fara nunawa a 1988.

Wace karramawa ce mafi girma da ya samu?

Kyautar Dadasaheb Phalke ta shekarar 2008, wadda aka miƙa masa a 2010. Ita ce mafi girma da gwamnatin Indiya ke bayarwa a harkar fim. An fara ba da ita tun 1969, amma sai a kansa aka fara ba wani saboda aikin ɗaukar hoto. Shekara kusan 40 ke nan ana karrama jarumai da daraktoci da mawaƙa kafin a waiwayi mai kyamara.

Shi kaɗai ne gwani a zamaninsa?

A'a. Akwai Subrata Mitra a Kalkata, mai ɗaukar hoton finafinan darakta Satyajit Ray, wanda ya bi wata hanya dabam: yana cilla haske a farin ƙyalle ya dawo da laushi kamar na sararin sama, har ka rantse ba fitila a wurin. Akwai Radhu Karmakar da ya ɗauki Awaara, da Faredoon Irani da ya ɗauki Mother India, da R. D. Mathur na Mughal-e-Azam. Mitra na ɓoye hannunsa ne, Murthy kuwa yana son ka ga hasken ka ji nauyinsa.

Mai ɗaukar hoto a Kannywood zai amfana da wani abu a nan?

Ƙwarai, in dai ba kwaikwayo zai yi ido rufe ba. Murthy ya yi aiki ne da zaren baƙi da fari da kuma fatar da ta fi tamu haske. Baƙar fata tana da nata hali: tana mayar da haske kamar sheƙi, don haka ta fi son fitila mai faɗi da laushi daga gefe, da ɗan haske a baya da zai raba mutum da bango. Idan aka watsa mata fitila mai zafi daga gaba sai goshi ya yi ƙyalli, sauran fuskar ta mutu.

Abin ɗauka shi ne tambayar da yake yi kafin ya kunna fitila: me ya kamata a gani a wannan fitowa, me ya kamata a ɓoye? Kuma mafi shaharar hotonsa da rana da madubi da hayaƙi aka yi shi, ba da wata na'ura mai tsada ba. Rana kuwa muna da ita har ta yi yawa. Zaure mai ƙofa ɗaya, da ɗakin soro mai ƙaramar taga, da ƙurar hunturu da ke rataye a iska, duk suna ba da irin hasken da shi sai da ya sha wahala ya haɗa.

Da wanne zan fara, kuma me zan kula da shi?

Fara da Pyaasa, domin labarinsa ya fi saurin kama zuciya, kuma an gyara hotonsa an nuna shi a bikin finafinai na Venice a 2015, don haka ana samun kwafi mai kyau. Sai Sahib Bibi Aur Ghulam, sannan Kaagaz Ke Phool. A wannan na ƙarshen ka tabbata kwafin mai faɗin allo ne, wanda ke da baƙin layi sama da ƙasa. Akwai kwafin da aka yanke gefe da gefe don ya cika allon tsohuwar talabijin, kuma a cikinsa kusan rabin abin da Murthy ya tsara ya tafi. Ka kashe fitilar ɗaki, ka rage hasken allon wayarka ko na talabijin har baƙi ya zama baƙi sosai, in ba haka ba inuwar za ta koma toka-toka.